Dariyar da ke Hana Barci

Wasiƙar wannan makon daga Filinge ta zo mana, a ƙasar Kurfai, daga hannun wani matashi malamin makaranta. Ga abin da ya ce:

"Baba, bayan gaisuwa da fatan alheri. Wani abokina ya dawo daga Yamai da littafin wata marubuciya ƴar Najeriya da aka juya zuwa Faransanci, labarin budurwar da ke kashe samarinta, yayarta kuma tana bin bayanta tana goge jini. Ina karantawa ina dariya har maƙwabcina ya leƙo. Amma da na rufe littafin na kwanta, barci ya ƙi zuwa, kunya kuma ta kama ni. Me ya sa na yi dariya a kan kisan kai? Marubuciyar ce ta kasa tsayawa wuri ɗaya, ko ban dariya ko ban tsoro, ko kuwa zuciyata ce ta bushe? Wannan salo na Turawa ne kaɗai, ko mu ma muna da irinsa? Kuma ya dace in ba ɗalibaina irin wannan littafi?"

Madalla da wannan tambaya, ɗana, Allah ya ƙara basira. Bari in fara kwantar maka da hankali. Zuciyarka ba ta bushe ba; da ta bushe, da ka yi barcinka lafiya lau har asuba. Marubuciyar ma ba kuskure ta yi ba. Abin da ya same ka shi ne daidai abin da ta shirya ya sami mai karatu, kuma salo ne tsoho da manyan marubuta suka daɗe suna aiki da shi.

Littafin da ya faɗo hannunka shi ne My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, wanda ya fito a 2018. Za mu komo kansa, amma sai mun fara raba tsoro gida biyu, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. In aka ce labarin ban tsoro, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Dodo ya tare yarinya a bakin rafi, ko fatalwa a maƙabarta, ko maye ya kama kurwar yaro. Wannan tsoro daga waje yake zuwa. Gaba ya faɗi, tsigar jiki ta tashi, in an kunna fitila ko gari ya waye shi ke nan. Akwai kuma wani tsoron da ba ya buƙatar duhu ko daji, don daga cikin ran mutum yake tsirowa. Mutum ya aikata laifi ya binne, kullum yana sauraren ranar da asiri zai tonu. Mace tana kwana ɗaki ɗaya da wanda take zargi da mugun abu, ba ta da hujja, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Magidanci ya fara kokwanto ko abin da yake gani gaskiya ne ko kuwa kansa ne ya fara taɓuwa. Fargaba ke nan, da zullumi da waswasi. Littafin da aka gina a kan wannan shi ake kira labarin tsoro na cikin rai, kuma sau da yawa za ka karance shi tas ba ka gamu da aljani ko ɗaya ba.

To ta ina dariya ta shigo? Ka tuna wanzami ranar da zai yi wa yaro kaciya. Ba ya shigowa da fuska a murtuke yana wasa aska. Zolayar yaron yake yi, ya tambaye shi wace yarinya zai aura, ya ce masa dubi tsuntsu can bisa darni, yaro na cikin dariya sai aiki ya gama. Mai karatun da aka sanar da shi cewa ga abin tsoro nan tafe yakan ɗaure ransa ya shirya. Wanda ake ba dariya kuwa ya riga ya saki jiki, abin sai ya shige shi har ƙashi kafin ya farga. Akwai kuma wani aikin da dariya ke yi wanda ya fi wannan zurfi. In ka yi dariya da maganar mutum, ka ɗan zama nasa, ka zauna kusa da shi kana ganin duniya ta idonsa. In daga baya ta bayyana cewa mutumin nan yana da hannu cikin ɓarna, sai ka tarar kai ma ka yi nisa tare da shi, komawa ta yi wuya.

Duba yadda abin ya gudana a littafin naka. Korede ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Legas, mai tsafta, mai tsari, wadda ba a cika kallonta sau biyu ba. Ƙanwarta Ayoola kuwa duk inda ta shiga idon maza na kanta. Labarin ya buɗe Ayoola ta kashe saurayi na uku, Femi, da wuƙar da ta ɗauka daga kayan mahaifinsu, ta kira yayarta. Korede ta iso da safar hannu da sinadarin wanke ƙasa. Abin da ke ba ka dariya shi ne muryarta, muryar mai ƙorafi a kan ƙazanta: ina jini ke maƙalewa, me ke kashe warinsa, yaya za a sauko da gawa daga bene ba tare da maƙwabta sun gani ba. Ita kuma Ayoola hankalinta na kan abin da za ta sa a Instagram, sai yayarta ta riƙa tuna mata cewa wadda saurayinta ya ɓace ba ta nuna wa duniya tana cikin nishaɗi. Kana cikin wannan dariya sai Ayoola ta ɗora ido a kan Tade, likitan da Korede ke so a ɓoye. Sai Muhtar, majinyacin da ya daɗe a sume, wanda Korede ke zama gefensa tana zazzage masa sirrinta don ta ɗauka ba ya ji, ya farfaɗo. Sai kuma a hankali a buɗe maka irin azabar da mahaifinsu ya gana musu suna yara. A ganina, ba wuƙar Ayoola ce ta hana ka barci ba. Korede ce, wadda ka amince da ita, da kuma abin da ka kama kanka kana yi: kana fatan kada ƴan sanda su gano su.

Wataƙila ma ka riga ka karanta irin wannan littafi tun kana ɗalibi ba ka sa masa suna ba. Une vie de boy na Ferdinand Oyono, ɗan Kamaru, ya fito a 1956, kuma ya daɗe yana yawo a makarantun ƙasashenmu masu amfani da Faransanci. Toundi yaro ne da ya tashi a hannun wani fada, daga baya ya zama boyin kumandan a garin Dangan. Yana rubuta abin da ya gani da zuciya ɗaya, yana alfahari da aikinsa, mu kuma muna dariyar rashin wayonsa da wautar Turawan da yake yi wa hidima. Ranar da ya ga kumandan a wurin wanka ya gane ba shi da kaciya, tsoronsa ya ragu, mai karatu ya yi dariya. Amma kowane abin dariya da Toundi ya gani sirri ne da bai kamata boyi ya sani ba. Ya san matar kumandan tana hulɗa da shugaban gidan kaso, su ma sun san ya sani. Daga nan kowace kalma a gidan ta zama tarko, har aka laƙa masa laifin satar da bai yi ba, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Oyono ya nuna maka yaron yana kan gargarar mutuwa tun shafukan farko, saboda haka duk dariyar da ka yi bayan nan, ka yi ta ne kana sane da inda za ta ƙare.

A Turai sunan da aka fi ambata shi ne Franz Kafka na birnin Prag. A littafinsa da Faransawa ke kira Le Procès, wato Shari'a, an kama wani ma'aikacin banki, Josef K., da safiyar ranar da ya cika shekara 30, ba a gaya masa laifinsa ba. Masu gadinsa suka cinye karin kumallonsa, kotun kuma a wasu ɗakunan saman gidajen haya take zama, cikin ƙura da zafi. Abokinsa Max Brod ya ba da labarin cewa da Kafka ya karanta wa abokai babin farko, dariya aka yi ta yi, har Kafka kansa ya kasa ci gaba. Amma a ƙarshen littafin da wuƙa aka kashe Josef K. a wurin fasa dutse, bai taɓa sanin abin da ya yi ba. An buga littafin a 1925, shekara guda bayan rasuwar marubucin.

Ka riƙe wannan shekara, don ita za ta kai mu ga tambayarka ta ko salon na Turawa ne kaɗai. A wannan shekarar ce wani abu ya ɓullo a ƙasarku wanda masana daga nesa suka yi shekaru suna rubutu a kansa.

Ka san halin da talakan Kurfai yake ciki a lokacin. Ya sha yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa ke kira Kakalaba. An kwashi samari aikin soja a yaƙin duniya na farko. Ga haraji, ga aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga dokar da ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Kurfayawa kuma ba su saba da sarki guda mai iko a kan kowa ba, sai ga shi Faransawa sun ɗora Gado Namalaya bisa sarautar kanton, haraji da ɗibar ma'aikata duk ta hannun sarauta suke bi. Ba don a taɓa mutuncin wani gida nake faɗin wannan ba. Tsarin mulkin mallaka haka ya ɗora wa sarakuna wannan kaya ko'ina.

A cikin wannan hali, a garin Cikal, wasu sababbin iskoki suka bayyana a wurin wasan bori, a kan wata mata mai suna Shibo. Ba irin waɗanda aka saba da su ba ne. Sojoji ne da manyan Turawa. Zabarmawa suna ce musu Hauka, Hausawa kuma Babule. Wanda suka hau sai ya miƙe ƙyam, ya yi tafiyar fareti, ya sara, ya riƙa ba da umarni da gurɓataccen Faransanci. Akwai Gomno, wato gwamna, akwai janar, akwai kapral, akwai Lokotoro, wato likita. Matasa suka yi ta shiga, suna yawo ƙauye ƙauye da bindigogin itace, suka juya wa sarauta baya. Tsakanin 1925 da 1927 abin ya girma har hukuma ta ɗauke shi tawaye. Kumandan na Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo su da yawa, aka kai su Yamai aka kulle, aka wulaƙanta su don su ce babu wani abu wai shi Hauka. To ka san abin da ya biyo baya? Ba da jimawa ba sai ga wani sabon iska ya shiga sahu, ana ce masa Korsasi, ko Kumandan Mugu. Mutumin da ya ɗaure su shi kansa ya zama ɗaya daga cikin abin da ya so ya kashe.

Ni ba hukuncin addini nake ba ka a nan ba. Wannan fagen malamai ne, kuma matsayinsu a kan bori sananne ne. Tarihin ƙasarku nake so ka kalla da idon mai nazarin labari. Ka sa kanka a cikin ƴan kallo a dandalin ƙauye a wancan zamani. Ga wani saurayi da ka sani tun yana yaro, jiya kuka yi noma tare. Yanzu ya ƙame, ya turo ƙirji, yana taku irin na Bature, yana daka wa tsofaffi tsawa don ba su sara masa daidai ba. Dole ka yi dariya, don kwaikwayon ya yi, kuma wanda ake kwaikwaya shi ne mutumin da ba ka isa ka ɗaga ido ka kalla ba. Amma a lokaci guda idanun saurayin sun firfito, kumfa na zuba daga bakinsa, ya ɗauki bakin wuta yana goga wa jikinsa. Fuskar ta ɗan unguwarku ce, muryar kuwa ta wanda ya kwashe ƴan'uwanka zuwa aikin tilas. Ba za ka iya cewa ga inda dariya ta tsaya ga inda tsoro ya fara ba, don motsi ɗaya ne ke haifar da su duka biyun.

Nan ne bambancinsa da wasan kara na Damagaram, inda matasa ke shigar shugaban ƙasa da ministoci da sojoji da kayan da aka ƙera da kara. A wasan kara kowa ya san wasa ake yi, mai kwaikwayo yana iya tsayawa ya sha ruwa ya gaisa da abokinsa. A wurin Babule kuwa, masu abin ba su ɗauke shi wasa ba, a wurinsu mutumin ba ya nan, wani ne ya zauna a jikinsa. Wannan shi ne tsoron cikin rai tsantsa: abin da kake tsoro ya bar bariki ya shigo cikin jikin naka.

Abin bai tsaya a Kurfai ba. Ya bazu zuwa Arewa da Adar, ya kai har Kano, ƴan ci-rani kuma suka tafi da shi Gwalkwas, Gana ta yau. A can ne Jean Rouch ya ɗauki taronsu na shekara a bayan birnin Akra a 1954, ya fitar da fim ɗin Les Maîtres fous. A ciki za ka ga suri da aka shafa wa fenti ya zama fadar gwamna, an fasa ƙwai a kan gunkin gwamna don ya yi kama da farin gashin da ke kan hularsa ta fareti, ana taron shawara irin na manyan bariki, sannan aka yanka kare aka dafa, mutane na tsoma hannu cikin tafasasshiyar tukunya. Washegari kuma Rouch ya nuna mutanen nan a wuraren aikinsu cikin gari, suna murmushi, lafiyarsu ƙalau. Da aka fara nuna fim ɗin a Paris, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka ji an ci mutuncinsu, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas. Duk da haka ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venis a 1957. Fushin ɗaliban nan yana da hujja, don wanda bai san haraji da bulala da suka haifi abin ba, kumfa da kare kawai zai gani. Daga baya wani masani Ba'amurke, Paul Stoller, wanda ya zauna shekaru cikin Sonrai a yankin Tilaberi, ya rubuta maƙala a 1984 inda ya kira Hauka wasan ban dariya mai ban tsoro. Nicole Echard ma ta yi littafi a kan borin Adar da Kurfai. Ka ga ke nan abin da kake tambaya ko na Turawa ne, Turawan da kansu ƙasarku suka zo suka gan shi a fili.

In muka dawo kan adabin Hausa, kayan haɗin duka suna nan, sai dai sau da yawa kowanne a tukunyarsa. A tatsuniya Gizo yakan ba mu dariya a gidan Dodo ko a ramin kura, kuma in ka natsu za ka ga yunwa ce ke korar sa, dabararsa kuma kan jawo wa wani halaka. Cikin littattafan farko da aka buga a Zariya bayan gasar 1933, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ɗauki ɓangaren dariya. Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ta ƙulla wa juna sharri, wannan ya jawo wa wancan duka da kunya, wancan ya rama, amma ba a barin ka ka ji zafin dukan, don da an juya shafi an warke. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya ɗauki ɗaya ɓangaren. Attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa. Wannan labari ne na ƙiyayyar da ke cin mai ita, babu wasa a cikinsa. Da za a sami marubucin da zai ba da labari irin na Jiki Magayi da bakin mutum irin Malam Zurƙe, yana zuba barkwanci alhali mai karatu na hango ramin da ake nufa, da an sami irin littafin da kake tambaya da Hausa tsantsa.

Yanzu ga maganar kunyar da ta kama ka, wadda ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Gaskiya ne akwai dariyar da ba ta da kyau, kuma akwai littattafan da ke fakewa da barkwanci su mayar da azabar mutane abin nishaɗi. Hanyar ganewa ita ce ka duba inda littafin ya tsayar da kai. Ka san yadda yara ke bin mai taɓin hankali a kasuwa suna tsokana suna jifa. Suna waje ne, shi yana can shi kaɗai. Marubucin Rasha Nikolai Gogol ya fitar da wani gajeren labari a 1835, kundin wani ƙaramin akawu mai suna Poprishchin, wanda aikinsa fiƙe wa shugabansa alƙalami. Yana son ƴar shugaban, ba ta san yana yi ba. Sai ya fara jin karnuka na magana, har ya sato wasiƙun da yake gani suna rubuta wa juna, daga ƙarshe ya tabbatar wa kansa shi ne sarkin Sifen. Za ka yi dariya sosai. Amma Gogol a cikin kan mutumin ya zaunar da kai, shi ya sa lokacin da aka kai shi gidan mahaukata ana dukansa ana kwarara masa ruwan sanyi a ka, shi kuma yana zaton bikin naɗin sarauta ne, har ya kai ga kiran mahaifiyarsa ta cece shi, dariyar takan maƙale maka a wuya. Wanda ya karanta wannan da zuciyarsa, da wuya ya sake tsayawa kallo in yara na jifan mai taɓin hankali. Littafin da ya bar ka da tausayi da tuhumar kanka, kamar yadda naka ya bar ka, ya yi aikinsa. Wanda ya bar ka kana jin daɗin wulaƙancin wani, ka ajiye shi.

Tunda kai malami ne mai son karatu, ina kwaɗaita maka ka gwada alƙalaminka a kan tarihin nan na gida. Ka zauna da tsofaffin Cikal da na Filinge, da ladabi da neman izini, ka ji abin da kakanninsu suka ba su labari. Kada ka rubuta sunan gidan kowa. Ƙirƙiro naka mutanen. Ka zaɓi mai ba da labari wanda ke tsaka mai wuya, misali wani dogari ko tafinta mai son raha, wanda abincinsa na hannun bariki, sai ga ƙanwarsa ta shiga cikin masu fareti da bindigar itace. Da farko abin dariya ne a wurinsa, yana kwaikwayonsu a gaban abokai. Ranar da aka ba shi igiya aka ce ya ɗaure su zuwa Yamai, muryarsa ba za ta canza ba, zai ci gaba da zolaya don ita kaɗai ta rage masa. Kada ka sanar da mai karatu cewa yanzu an shiga wurin tsoro, kuma kada ka ware babin dariya daban da babin kuka. Ka bar abu ɗaya ya yi aikin biyu.

Saura maganar ɗalibai. Ƴan manyan azuzuwan kwaleji za su iya ɗaukar Une vie de boy, kuma ba shi da wuyar samu wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Yamai. Ka karanta musu da murya, ka bar su su yi dariyarsu, kada ka hana. In kun kai ƙarshe ka tambayi kowannensu a wane wuri dariyarsa ta tsaya, kuma me ya tsayar da ita. Za ka ji amsoshi mabambanta, a nan darasin yake. Ƴan lise za su iya ƙarawa da littafin Braithwaite, da Allah n'est pas obligé na Ahmadou Kourouma, ɗan Kodebuwa, wanda ya fito a 2000 ya ci kyautar Renaudot. Labarin Birahima ne, yaron da ya zama sojan yara a yaƙin Laberiya da Saliyo, yana ba da labarin kashe-kashe da bakin yaro mai tsiwa, yana duba ma'anar kalmomi cikin ƙamus ɗinsa. Yana da zagi da abubuwa masu nauyi, don haka ka fara karanta shi kai kaɗai, ka zaɓi sassan da za ka kai aji, kuma ka tuna cewa a yankinmu yau akwai yaran da suka ga tashin hankali da idonsu, kada a tilasta wa kowa. African Psycho na Alain Mabanckou, ɗan Kongo, wanda ya fito a 2003, labarin wani mai gyaran jikin mota da ke burin zama shahararren mai kisa yana kasawa, shi ma cikin wannan salo yake, amma na manya ne, kada ya shiga aji.